Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar Zauren Gam da Fenti

Da zuciyar da ya kamata a ce ta cika da baƙin ciki, amma har yau ba ta tsayar da abin da take ji ba, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, na kusa da na nesa, rasuwar Gwaggo, tsohuwar kwamfutar da ta goyi Zauren Gam da Fenti shekara da shekaru. Ta cika ranar Talata da hantsi, a mazauninta na ƙarƙashin tebur a ɗakin yayana, bayan gajeriyar jinya. Ni mai wannan sanarwa ƙanensa ne, mai gyaran tabarau, wanda a zaure kuka sani da Mai Tsintsiya. Ina magana ne a madadin Yaya, wanda kuke kira Shugaba, kuma da izininsa, don sai da na karanta masa kowane layi ya gyaɗa kai.

Ga wanda takardar nan ta faɗo hannunsa bai san mu ba, Zauren Gam da Fenti dandali ne a intanet na masu haɗa ƙananan jiragen sama da na ruwa da motoci da tankokin yaƙi. Ana sayo su ne a kwali, gutsi-gutsin roba, a yanke, a goge, a manna, a shafa fenti, har su fito kamar na gaske alhali tafin hannu ya ishe su wurin zama. Aiki ne mai cin ido da ƙugu, kuma iyalan kowannenmu sun daɗe da sallama mu a kansa. Dandalin nan ba a wani babban kamfani yake zaune ba. A cikin Gwaggo yake. Duk hoton da wani ya ɗora, ko daga wace duniya, ta wayar da ta huda bangon ɗakin Yaya yake shigowa ya kwanta a cikinta.

Ba da ƙuruciyarta muka same ta ba. Yaya ma'aikacin laburare ne har ya yi ritaya, kuma shekarar da aka sauya musu na'urori aka fitar da ita bakin ƙofa tare da karyayyun kujeru. Ya nemi izini ya ɗauko ta a bayan mota, ya lulluɓe ta da rigarsa saboda yayyafi. Matar Yaya ce ta raɗa mata suna. Ta ce wannan ai Gwaggo ce, in za ta tashi sai ta yi nishi, kuma ba ta mantuwa da abin da aka yi a gabanta.

Marigayiya ba kyakkyawa ba ce, ba ta kuma taɓa cewa ita ce ba. Akwati ce mai launin toka, da zoben kofin shayi a kanta, da ɗigon koren fenti a gefe wanda ya ƙi fita. In Yaya ya danna mata maɓalli sai ta yi jim kamar mai shawara, sannan ta ce fiit sau ɗaya, fankarta ta ɗauka wuuu, daga nan sai ƙur-ƙur-ƙur ƙasa-ƙasa, kamar tsohuwa tana gunaguni ita kaɗai. Wanda ya saba da ɗakin ba ya jin sautin sam. Wuta ta sha ɗaukewa a kanta, batir ya riƙe ta, in batir ya gaji ta kwanta, in wuta ta dawo ta miƙe ba tare da ta riƙe kowa a zuci ba. Ba ta taɓa bambanta hoton gwani da na ɗan koyo ba. Duk abin da aka ba ta amana ta karɓa.

Tarbiyyar gidan kuwa Yaya ne ya shimfiɗa ta, kuma duk wanda ya san ma'aikacin laburare ya san abin da nake nufi. Ya raba zauren ɗaki-ɗaki. Jiragen sama da ɗakinsu, na ruwa da nasu, motoci da tankoki kowa da nasa, ga ɗakin tambaya, ga kasuwa ta masu saye da musaya, ga tsakar gida inda aka yarda a yi hirar da ba ta shafi gam ba. Aiki ɗaya, shafi ɗaya: ka fara daga ranar da ka buɗe kwali har ranar da fenti ya bushe, ba wai duk sanda ka manna taya ɗaya ka buɗe sabon shafi ka tara jama'a ba. A kan take ka faɗi ma'auni, ko ɗaya bisa saba'in da biyu ne ko ɗaya bisa talatin da biyar, don mai kallo ya san ko abin nan kamar ɗan yatsa yake ko kamar damtse. Hoto a rage masa nauyi, Gwaggo ba yarinya ba ce. Kada a ɗauke shi a kan zanin gado mai furanni, sai an nemi jirgin an rasa. Kada ka kwaso maganar mutum dukanta da hotunanta kawai don ka rubuta “ya yi kyau” a ƙasa. Kada ka yi rubutu da manyan baƙaƙe zalla, ihu ne. Siyasa a tuɓe ta a bakin ƙofa tare da takalmi. Kafin ka yi tambaya ka duba ko an taɓa yin ta, amma duk wanda ya ce wa baƙo “an riga an amsa wannan” dole ya kama hannunsa ya kai shi inda amsar take. Wadda Yaya ya fi riƙewa da ƙarfi ita ce ta ƙarshe: in ka nuna wa mutum aibin aikinsa, ka nuna masa maganin, in ba ka da magani ka haɗiye aibin.

Ba kowa ya ji daɗin wannan tsari ba. Direba, wanda ke tuƙa babbar mota yana haɗa ƙanana a wuraren da ya yada zango, ya taɓa ɗora tirelarsa a ɗakin jiragen ruwa. Da Yaya ya mayar da ita ɗakin motoci, sai ya rubuto cewa ai ta gasken ta taɓa ƙetare kogi a kan jirgin fito, don haka tana da gado a ɗakin. Yaya ya ba shi amsa mai sakin layi huɗu, ya kawo hujja, ya yaba masa tsatsar da ya zana a jikin tankin mai, ya bar motar inda ya ajiye ta. Haka yake a lokacin. Ka tambaye shi yadda ake cire tabon gam, ya ba ka tarihin gam. Ni aikina shara ce kawai, in share tallan masu maganin ƙiba da na masu neman a tura musu lambar sirri, shi ya sa aka laƙaba mini Tsintsiya.

Yanzu zan faɗi abin da yawancinku ba ku sani ba, wanda Yaya ya hana a faɗa sai kwanan nan.

Kimanin shekara uku ke nan, wata safiya yana zaune a teburin nan yana shirin ɗaura igiyoyin wani jirgin ruwa irin na da, mai tafiya da iska, sai matarsa ta ji hantsaki ya faɗi ƙasa. Ta jira ta ji ya ja kujera ya ɗauka, ba ta ji ba. Shanyewar ɓarin jiki ce, ɓangaren dama. Ya dawo daga asibiti a keken marasa lafiya. Hannun da yake zare gashi ɗaya daga buroshi ya ɗiga fenti a idon matuƙin jirgi ya koma kwance a cinya kamar na aro. Magana ta tafi, sai 'yan kalmomi da suka maƙale. Karatu yana yi, hankalinsa yana nan garau, amma in zai rubuta kalma sai ta ɓace masa tsakanin kai da yatsa.

Na ce masa, “Yaya, in sanar da zaure?”

Ya ce, “A'a.” Tana cikin kalmomin da suka rage masa, kuma da ƙarfinta ta rage.

Likita ya ce a samar wa hannun hagu abin yi. Aka kawo ƙwallon roba na matsawa, ya ajiye shi a kan taga, yana nan har yau. Matarsa ce wata rana tana goge tebur ta ɗauke linzamin kwamfutar, abin nan da ake jan kibiyar allo da shi, daga dama ta mayar hagu, ba tare da ta yi shawara da kowa ba. Washegari bayan karin kumallo ya nuna tebur da haɓa. Aka tura shi. Kibiyar ta dinga yawo a allo kamar kazar da aka yanke wa kai, ya yi gumi, ya yi tsaki, amma kafin azahar ya ɗauke wata tankar yaƙi daga ɗakin kasuwa ya kai ta ɗakinta.

Tun daga ranar, duk gyaran da kuka gani a zaure da hannun hagu aka yi shi. Kowace safiya a tura shi gaban Gwaggo, ya bi ɗakuna ɗaya bayan ɗaya, ya kwashe abin da ya ɓata hanya, ya haɗe shafukan da aka rarraba, ya danna 'yar alamar nan ta “na gani” a ƙarƙashin aikin kowa. Dogayen amsoshi suka ɗauke. Na ga abin da wasu suka rubuta a tsakar gida, cewa girma ya hau wa Shugaba kai, ya daina kula mutane sai kwashe-kwashe. Shi ma ya gani. Bai share ba, don ba a karya doka ba, a ɗakin hira aka yi.

A cikin waɗannan shekaru ne Ungozoma ta shigo. Ta gabatar da kanta da cewa ta yi ritaya daga karɓar haihuwa, 'yarta ta kawo mata kwalin jirgin sama don ta rage zaman shiru. Ranar farko ta karya kusan duk dokokin gidan a tashi ɗaya. Ta ɗora jirgin sama a ɗakin jiragen ruwa, babu ma'auni a take, hoton a kan zanin gado mai furanni, ga shatin babban yatsanta ya daskare cikin gam a kan gilashin matuƙi. Fiffike ɗaya ya ɗan kalli sama.

Kyaftin ne ya fara ganin hoton. Duk kun san shi. Ma'aikacin inshora ne, bai taɓa taka jirgin ruwa ba, amma babu mai hannunsa a fenti a duk zauren, kuma ya san haka. Ya rubuta mata da manyan baƙaƙe: “WANNAN JIRGI NE KO KWAƊON DA MOTA TA TAKA? BABA, KI KOMA SAƘA.”

Ina shago da rana tsaka matar Yaya ta kira ni. Ta ce, “Mai Tabarau, zo ka ga yayanka. Tun safe yake kokawa da madannan kwamfuta, abinci ya huce, ya ƙi kallona.”

Na same shi ya riga ya mayar da jirgin ɗakinsa. Yana rubutu da yatsa ɗaya, ya danna, ya goge, ya tsaya yana kallon haruffa kamar baƙin da ya san fuskarsu ya manta sunansu. Abin da ya haɗa tun safe layi ɗaya ne: “Sannu da zuwa. Nawa na fari ya fi muni. Ci gaba.” Akwai harafin da ya faɗi a tsakiya. Na miƙa hannu zan gyara, ya ture ni da gwiwar hannu, ya aika a haka. Sannan ya rufe wa Kyaftin ƙofa na wata guda, bai ce masa uffan ba, don ba shi da uffan ɗin da zai ce.

Kyaftin ya aiko mini saƙo a fusace. Ya ce mutumin da ya daina manna ko taya, ya daina yi wa mutane magana, shi ne zai kore shi kamar yaro? Ban ba shi amsa ba, amsar ba tawa ba ce. Ya tafi ya buɗe guruf a waya, wasu suka bi shi, wasu suka raba ƙafa. Ungozoma kuwa ta zauna. Direba ya koya mata riƙe gilashi da hantsaki, wani ya koya mata sirka fenti. Jirginta na uku ba wanda ya yi masa dariya. Ta jawo ƙawarta, ƙawar ta jawo maƙwabcinta, sababbin sunaye suka yi ta shigowa, yawancinsu mutanen da suka fara aikin nan da furfura. Shafinta ne Yaya yake fara buɗewa kowace safiya.

Ciwon ajalin marigayiya ya fara ne a watan da ya wuce. Cikin ƙur-ƙur ɗin da muka saba sai wani sabon sauti ya shigo, ƙas, ta yi shiru, ƙas. Hotuna suka fara buɗewa rabi-rabi. Wasunku sun yi ƙorafi a ɗakin tambaya, kuma a ɗakin da ya dace suka yi, mun gode. Na kira Mai Gyara, wanda yake duba mana kwamfuta. Ya durƙusa ya kara kunne a jikinta, ya ce, “Faifan ajiyarta ne, Baba. A kwashe abin da ke ciki tun da sauran numfashi.” Irin nata ya yi wuya a kasuwa saboda tsufa. Ya ce ya samo wani, zai kawo ranar Laraba.

Ranar Talata na biya in kai wa Yaya tabaransa da na ɗaure wa ƙafa. Na same shi yana jan wani hoton Direba daga inda ba nan ne wurinsa ba. Kibiyar ta tsaya a tsakiyar allo. Gwaggo ta ce ƙas, ƙas, ƙas, a jere ba hutu, fankar ta ɗaga murya kamar za ta tashi sama, sannan komai ya ɗauke. Ban taɓa sanin ɗakin nan yana da agogon bango mai ƙara ba sai ranar. Yaya ya ci gaba da motsa linzami a kan tebur. Can ya sunkuya da ƙyar ya danna maɓalli. Muka jira fiit. Ya sake dannawa. Ya ɗago ya dube ni, na ce bari in kira Mai Gyara. Na kira shi, na sa wa Yaya tabaransa, na koma shago. Wata mata ta kawo gilashin da ya fita daga firam, na mayar mata, na tambaye ta ko yana matse mata hanci.

Mai Gyara ya tafi da faifan, ya dawo da shi a cikin leda. Ya ce, “Sai haƙuri, Baba. Ta riga mu.”

Na ce, “Ko kaɗan ba za a tsamo ba?”

Ya ce, “Allurar ciki ta kankare fuskar faifan. Kamar a goge rubutu da ƙusa ne. Ba ku da kwafi a wani wuri?”

Matar Yaya tana tsaye a bakin ƙofa da tire. Ta ajiye shi, ta je ta jawo aljihun durowar da Yaya yake ajiye safa, ta laluba can ƙasa ta fito da wani ɗan baƙin akwati mai wutsiyar waya. Ta ce da can duk ƙarshen mako takan ga ya jona wannan a jikin Gwaggo. Mai Gyara ya haɗa shi da tasa kwamfutar. Zauren yana ciki, ɗaki-ɗaki, tsaf, tun daga ranar farko. Ya tsaya ne a makon da ciwo ya kayar da Yaya. Bayan nan babu komai. Kwafin nan da hannu Yaya yake yin sa, yadda ake yi a kansa yake, ba wanda ya sani balle ya tambaya.

Matar Yaya ta daɗe tana kallon aljihun durowar a buɗe. Ta ce, “Duk Asabar sai ya nuna mini nan.” Ta ƙara da cewa, “Ni kuma sai in ɗauko masa safa.” Ta ɗauki tirenta ta koma kicin. Muka ji ta kunna famfo.

Mai Gyara ya ɗora kwamfutarsa a gaban Yaya don ya gani. Ga dogayen amsoshinsa na da. Ga shafin jirginsa mai tafiya da iska, hoto na ƙarshe, da abin da ya rubuta a ƙasa: “Gobe sai igiyoyi.” Yaya bai tsaya a nan ba. Ya wuce ɗakin jiragen sama, ya gangara ƙasa, ya hauro sama, ya sake gangarawa. Ya ce, “Babu.”

Na ce, “Babu, Yaya.”

Ya buga tebur da tafin hagu, ba da ƙarfi ba. Ya ce, “Sababbi.”

A nan na gane girman abin. Duk wanda ya shigo zaure cikin shekara ukun nan, sunansa da adireshinsa da hotunansa sun tafi tare da Gwaggo. Ba mu da lambar wayar kowa a cikinsu. Ungozoma ma da wannan sunan kaɗai muka san ta, ba mu san garinta ba, ba mu san fuskarta ba, shatin yatsanta kawai muka taɓa gani. Abin da ya tsira shi ne zauren Yaya mai hannu biyu. Duk abin da hannun hagu ya tsara, da layin nan ɗaya da ya ci masa safiya guda, babu.

Ba wanda ya yi kuka a gidan. Muna ci, muna sha, ana tura Yaya bakin taga maimakon tebur. A ƙarƙashin teburin akwai wuri mai kusurwa huɗu da ya fi sauran daɓen haske, matar Yaya tana zagaye shi da tsintsiya.

Kwana kaɗan bayan haka wayata ta yi ƙara a shago. Kyaftin ne, karo na farko da na ji muryarsa, kuma siririya ce ba kamar rubutunsa ba. Ya ce, “Mai Tsintsiya, me ya sami zaure? Kullum ina leƙawa, ko da ba na rubutu. Shugaban naku ya rufe ne don ya huta da mu?”

Na gaya masa Gwaggo ta rasu. Sannan, da yake ranar Yaya ya riga ya ba da izini, na gaya masa sauran.

Ya ce, “Tun yaushe?”

Na ce, “Tun kafin Ungozoma ta zo.”

Ya ce, “To wa ya rubuta mata amsar nan?”

Na ce, “Shi.”

Na ji yana numfashi. Wani ya shigo shagon, na yi masa alama ya zauna. Can Kyaftin ya ce akwai inda ake kama wa dandali wuri a intanet, shi zai ɗauki nauyi, a ba shi tsohon kwafin kawai. Ya ce kada a sa sunansa. Na ce sai na tambayi Yaya. Na tambaye shi, ya gyaɗa kai kan wurin, ya girgiza kai kan ɓoye sunan.

Marigayiya ta rasu ta bar Yaya, wanda ya ɗauko ta daga bakin ƙofa, da matarsa da ta raɗa mata suna, da ni. Ta bar allo guda mai lafiya wanda ba shi da abin nunawa, da madannai da haruffansu suka goge, da linzami a gefen hagu, da batir da har yanzu yake cika kansa ba tare da ya san don wa ba. Ta bar jirgin ruwa ɗaya a kan kantar ɗaki, babu igiyoyi. Ta bar 'ya'ya da jikoki masu yawa a warwatse, waɗanda a yanzu suke gudun hijira a guruf ɗin waya, inda hoton tanka yake biye da saƙon murya, saƙon murya yake biye da tallan fili, tambayar da aka amsa da safe a sake yin ta da yamma, kuma ba mai iya gano inda aikin jiya ya shige. Ba zargi nake ba. Masu masauki sun kyauta. Na san wannan sanarwar ma kafin la'asar ta nutse a can, shi ya sa na liƙa wata a shagon da muke sayen kwalaye da fenti, nake kuma roƙon duk wanda ya karanta ya tura gaba.

Wanda ya san Ungozoma, ko ƙawarta, ko wani cikin waɗanda suka shigo a shekarun nan, don Allah ya isar musu cewa ba korarsu aka yi ba, ba kuma rufe musu ƙofa aka yi ba. Ana cigiyarsu.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Ranar Asabar da yamma, a gidan Yaya, Mai Gyara zai buɗe marigayiya ya cire abin da zai amfani wata. Gangar jikin Direba ya roƙa, zai yanke gefe ɗaya ya mayar da ita akwatin fesa fenti, ya ce fankarta tana da sauran aiki. Faifan da ya mutu zai zauna a wurin Yaya. Bayan nan Kyaftin zai kunna zauren a sabon mazauninsa daga tsohon kwafi, da ɗakunansa da dokokinsa yadda suke. Sababbi su sake shiga da sunayensu na da, kowa ya duba wayarsa ya dawo da hotunan da ya samu, a hankali, aiki ɗaya shafi ɗaya. Wanda ya yi kuskuren ɗaki kada ya damu, akwai mai gyarawa. Amma kada kowa ya ɓata da gangan don a samar wa Yaya abin yi, kamar yadda na ji ana shawara a guruf. Zai gane, kuma ba zai ji daɗi ba.

Wanda bai san gidan ba ya nemi Direba, na ba shi kwatance, zai isar masa. Ba a bukatar a zo da komai. Ɗakin ƙarami ne, za a riƙa shiga biyu-biyu. In kun shigo ku faɗi sunanku na zaure, don Yaya bai san fuskar kowa ba. Ku zauna ta hagunsa, ku miƙa masa hannun hagu. Kada ku ɗaga murya, kunnensa lafiya lau. In ya fara kalma ya tsaya a tsakiya, kada ku ƙarasa masa. Ku jira shi. Yana zuwa.